Saƙon da Na Riƙe wa Hudu Wanzam

Duk wanda ya san bakin tashar Gummi ya san Atine mai kifi, kuma ya san abu biyu a kaina: ba na sayar da kifin jiya, ba na kuma tauna magana. In ka yi ba daidai ba, a gaban surukinka zan gaya maka. Shekara da shekaru ina tinƙaho da wannan hali. To ni ɗin nan na yi ƙarya guda ɗaya mai nauyi, kuma Hudu Wanzam na yi wa ita, mijin yayata Fatiha. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko ƙarfensa ne ya kashe matarsa. Na san amsar, an ma ba ni ita saƙo in kai masa. Labarinsa zan ba ku, don ban ga wanda zai ba da shi ba in ba ni ba.

An haifi Hudu a Gwashi, cikin ƙasar Bukkuyum, a gidan da aska ta zama gado kaka da kakanni. Gajere ne, mai faɗin kunne, ga saurin hannu. Ubansa Barau ya rataya masa zabira, jakar fatar nan ta wanzamai, tun gemunsa bai fito ba, ya shiga bin kasuwanni daga Bukkuyum zuwa Gummi, wani lokaci har Anka. Yana aski, yana ƙaho, yana kaciya, babu kuma sunan da ya amsa sunansa a Gwashi in ba shi ya aske kan jinjirin ba. Amma inda ya yi suna shi ne sakiya. In kumburi ya ƙi fashewa, sai ya sa siririn ƙarfe a garwashi har ya yi ja, ya huda wurin, mugunya ta zubo, mutum ya yi ihu sau ɗaya ya samu barci. Har rugage Fulani ke zuwa ɗaukarsa a babur.

Kafin ya sa ƙarfe sai ya danna kumburin da babban yatsa, ya lumshe ido kamar mai zaɓen kankana, sannan ya ce ya nuna ko bai nuna ba. Da wannan yatsa yake alfahari. A shekarun da gubar dalma ta yi ɓarna a Sunke, likitoci suka cika Anka, kowa ya koma layin asibiti, Hudu bai yi faɗa da su ba. Raba gari ya yi da su.

"Ciki nasu na," in ji shi. "Amma hwata tawa ta. Abin da yah hito bisa hwata, ni ka da shi."

Akwai doka guda da Barau ya bar masa, wadda kowane wanzami a wajenmu ya sani: ciwon daji ba ya son ƙarfe. An ce in ka taɓa shi da aska ko allura ka tashe shi daga barci, sai ya fusata ya watsu a jiki. Na sha ganin Hudu ya danna kumburi, ya janye hannu, ya ce wa mai shi wannan daji ne, ya tafi ya nemi magani wani wuri. Yakan ce bambancin wanzami da mahauci ke nan, wanzami ya san abin da ba a taɓawa.

Ya auri Yaya Fatiha ina 'yar shekara goma. Ita ba ta da baki, ni aka ba kason mu biyu. Shinkafa take turarawa tana sayarwa, kuma ko tukunya ce ta ƙone ta, cewa za ta yi laifinta ne. Tsakanina da Hudu wasa ne irin na ƙanwar mata da mijin yaya. Yana kirana Uwar Baki, ina kiransa Kunnen Faifai. In faɗi gaskiya, ya riƙe ta da mutunci. Shekara arba'in bai taɓa ɗaga mata murya na ji ba. Duk ƙarshen damina shi da kansa yake mata ƙaho a baya, yana yi yana ba ta labarin kasuwa. Ɗa guda ya rayu musu, Jabiru, wanda ya ƙi zabira ya kama tuƙin mota, ya yi aure ya zauna nan Gummi.

Bayan yankan shinkafa, shekara uku ke nan, Yaya ta fara ciwo a ƙahon zuci, yana ratsawa har baya. Abinci ya fita ranta, zane ya riƙa zame mata daga ƙugu. Aka ce gyambon ciki ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Sai wani ƙullutu ya fito mata a cibiya, kamar ƙwayar gurjiya, baƙi-baƙi, da tauri, ba ya ko ciwo. Hudu ya danna, ya ce maruru ne bai nuna ba. Ya jira mako uku. Abin bai yi taushi ba, girma ma ya ƙara. Da matar wani ce, na rantse da ya janye hannu. Amma matar Hudu Wanzam ta yi kumburi a fata har a kai ta asibiti, a ce ya gaza a cikin gidansa? Ya hura garwashi ya sa mata ƙarfe.

Mugunya ba ta fito ba, sai jini da wani ruwa-ruwa. Bayan kwana goma, wasu biyu suka fito a ƙirji, ɗaya a wuya, ɗaya a tsakiyar kai cikin gashi. Yanzu na gane abin da ya shiga ransa a lokacin. In ya yarda daji ne, to ya yarda shi ya tashe shi da hannunsa. Don haka ya kafe a kan maruru ne mai taurin kai, ya ci gaba da bin su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfe. Ita kuwa Yaya sai ta cusa bakin zane a baki ta cije, ya gama ta ce masa sannu.

Jabiru ne ya kira ni a waya ya ce in zo in ga Innarsa. Na isa Gwashi da hantsi. Tun daga zaure na ji ƙauri, kuma mai suyar kifi ba a koya mata ƙaurin nama. Na tarar da ita zaune a tabarma a tsakar gida, idanunta sun yi ɗorawa, duk ta karce hannuwanta da susa, ƙasusuwan wuya a waje. Tabon ƙuna shida na ƙirga. Na cibiya ya buɗe yana tsiyaya. Hudu yana tsugune gaban kaskon wuta yana juya ƙarfe, zai yi na bakwai a bayan kunne.

"Mi kaka yi haka, Wanzam?" na ce.

"Uwar Baki, sannu da hanya. Wanga ɗai yar rage. In yah hwashe ta samu sauƙi."

"Wanne ne yah hwashe cikin shidan ga?"

Ya ci gaba da juya ƙarfensa. Yaya ta cire zane daga baki ta ce, "Atine, bar shi, ƙoƙari yaka yi."

Na sa ƙafa na shure kaskon, garwashi ya watse har bakin randa. Na ce masa tunda yatsansa ya fi hoton asibiti, ya miƙo nasa wuyan in ɗana masa sau ɗaya mu gani. Ya ja da baya, na ce ai dama wanzami ba ya son jarfa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, maƙwabta suna leƙe ta kan danga. Ranar na sa Jabiru ya ɗauke ta a mota zuwa ɗakina a Gummi. Hudu ya biyo mu har bakin hanya riƙe da takalmanta da muka manta.

Akwai wata nas maƙwabciyata, Dorothy, mutuniyar Filato, ta daɗe a Gummi har ta iya cinikin kifi fiye da 'yan gari. Tana ganin cibiyar nan fuskarta ta canza. Ita ta shige mana gaba a asibitin gari, daga can aka tura mu babban asibiti a Sakkwato. Aka ɗauki hoton ciki, aka gutsuri ɗan nama daga ƙullutun wuya, aka ce mu dawo bayan mako biyu. Da muka koma, Jabiru ya tsaya wajen mota, ni da Yaya muka shiga. Likitan yaro ne, amma bai yi mana kwana-kwana ba.

"Mama, wannan ba ciwon fata ba ne," ya ce. "Akwai wata 'yar tsoka mai tsawo a kwance bayan tumbi, muna ce mata fankiriyas, ita ke taimakon narkar da abinci. A can dajin ya tsira, ya daɗe yana girma ba a sani ba. Waɗannan na fata 'ya'yansa ne, ta jini suka biyo suka fito. Ya taɓa hanta ma, shi ya sa idonta ya yi haka."

Na ce, "Ƙarhen da anka sa mata shi yaw watsa shi, ko?"

"A'a. Kafin na farko ya leƙo a cibiya ya riga ya watsu a ciki. Da kun kawo ta ranar da ya fito, da abin da zan gaya muku ke nan. Ƙunar azaba ta ƙara mata, amma ba ita ta kawo sauran ba, ba kuma ita za ta rage mata kwana ba."

Ya rubuta maganin rage zafi da na wankin gyambo, ya ce mu kai ta gida mu kula da ita. Na ji haushin amsar nan, ba zan ɓoye ba. Na shigo ɗakin da mai laifi a hannuna, likita ya ƙwace mini shi. A mota Yaya ta yi ta hamdala, na ɗauka don ranta take yi, ashe don Hudu ne.

Wata biyu ta yi a ɗakina. Dorothy tana zuwa da safe kafin ta tafi aiki ta wanke gyambon. Ƙullutun suka ci gaba da fitowa ba ƙarfe ba aska, a hammata, a baya, har kwanciya ta gagara. Hudu ya rufe gidansa ya taho wurin Jabiru. Kullum da safe zai zo ya zauna a dakalin ƙofar gidana har la'asar. Kwana tara ban bar shi ya shiga ba, ko ruwa ban miƙa masa ba. Sai da Yaya ta yi mini kuka na buɗe masa labule. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya kasa ɗaga ido.

Ta gaya masa abin da likita ya ce, ina ji. Ya gyaɗa kai kawai. Dorothy ma ta tare shi a dakali ta gaya masa, ya yi mata godiya, da ta wuce ya ce mutanen asibiti an koya musu sanyaya rai. Yaya ta san shi. Wata rana bayan azahar ta kamo hannuna.

"Atine, bai yarda ba. Ni ko wuta yas sa min, ya san cewa za ni yi, sanyi nij ji. Ke ɗai za shi yarda da ke, don ya san ba ki ƙarya. Ki hwaɗa mishi abin da likita yac ce. Ki ce ba hannunai na ba."

"To, Yaya."

"Ki yi min alkawari."

Na yi mata. Ta cika ranar Laraba da hantsi. Ina cikin matan da suka yi mata wanka, kuma ni na ga tabon nan shida na ƙarshe, sun yi baƙi a jikin da bai fi na yarinya nauyi ba. Na ƙirga su da yatsa ina zuba ruwa, zuciyata tana tafasa.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Hudu ya same ni a bayan ɗaki ina wanke ƙwarya. Ya cire hula ya riƙe a hannu, abin da bai taɓa yi a gabana ba.

"Atine, ke kinka shiga wurin likita. Kowa lallashina yaka yi. Don girman Allah, mi yac ce? Ƙarhena na?"

Saƙon yana bakina. Na dube shi, na ga babban yatsan nan yana murza bakin hula, sai na ji ƙaurin zauren Gwashi ya dawo mini a hanci.

Na ce, "Cewa yay yi da ba a sa mata ƙarhe ba, da tana nan da ranta. Kai kat tashe shi. Kai da ka san dokar Barau."

Ya ce, "Na gode. Dama na sani."

Ya mayar da hularsa ya tafi. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, har na ci tuwo a ranar, abin da na kwana uku ban yi ba. Ban tsaya nan ba. Duk matar Gwashi da ta zo gaisuwa na maimaita mata, kuma da yake daga bakin Atine ta fito, ba wanda ya nemi shaida. Kafin arba'in magana ta kai Bukkuyum cewa Hudu Wanzam ya gasa matarsa da ranta. Jabiru ya ji daga baya, ya ce ai Dorothy ba haka ta gaya masa ba. Na ce shi ya shiga wurin likita ko ni? Daga nan ya rage zama kusa da ubansa.

Hudu bai koma Gwashi ba. Ya rataye zabira a ƙusa a ɗakin da Jabiru ya ba shi, bai sake taɓa ta ba. Fulani suka zo da babur sau biyu, ya ce ba shi da lafiya. Mutumin da ya aske kan rabin ƙasar Bukkuyum ya bar nasa kan ya cukurkuɗe, gemu ya bazu, yara suna masa kallon mahaukaci. Yakan wuce ta gaban kaskon suyata ya gaishe ni, in amsa ina juya kifi. Nakan ce a raina gobe zan gaya masa, ya ɗan ƙara ɗanɗana tukuna. Ƙuna shida ce, ai ba za a biya ta a wata ɗaya ba. Goben nan ta kai shekara da wata huɗu.

Sai matar Jabiru ta haifi mace, aka ce za a mayar da sunan Yaya. Ranar suna da safe, bayan an yi addu'a an raba goro, Jabiru ya sauko da zabira, ya kaɗe mata ƙura, ya ajiye gaban ubansa, aka miƙo jinjira. A gidan wanzamai kaka ke aske jika, haka Barau ya aske Jabiru. Hudu ya dubi yarinyar, ya tura hannuwansa biyu cikin hammata.

"Hannun ga ba shi taɓa mai sunan ga," ya ce. "Ya taɓa ɗaya ta isa."

Aka roƙe shi, liman ma ya sa baki, ya ƙi. Sai aka aika kasuwa aka kirawo wani wanzami baƙo, ya zo ya zauna a tabarmar Hudu yana aski yana surutu, har ya ɗan yanki yarinyar a bayan kunne. Hudu yana gefe yana kallo, leɓɓansa suna motsi, na san gyara yake masa a zuci. Ina tsaye a bakin zaure da kwanon fanke ina gani. Kunya ta kama ni, da tsoron Allah, da tsoron Yaya.

Da rana ta yi, mutane suka shiga cin abinci, na same shi a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida shi kaɗai. Na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa masa ba.

"Wanzam, ƙarya niy yi ma. Likita bai ce haka ba. Cewa yay yi ciwon daga ciki yat taso, ya riga ya watsu tun ba ka taɓa ta ba. Yaya ta ba ni saƙon ga in kawo ma, nir riƙe don haushi. Ka yahe min."

Ya dube ni, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro.

"Uwar Baki, abin da yaf faru da sahe na yat taɓa ki."

"Wallahi tallahi gaskiya nika hwaɗa ma. A kawo Alƙur'ani in dahwa. Mu tahi Sakkwato ka ji da kunnenka."

"Kada ki rantse, ki ɗauki zunubi saboda ni. Shekara arba'in na san ki, ba ki taɓa ƙarya ba. Ranar da kowa ka ruɗina, ke ɗai kinka dube ni kinka hwaɗa min gaskiya. Kada ki ɓata halinki yau don tausai."

Na yi kuka, na kama bakin rigarsa, na kira Dorothy a waya ta maimaita masa. Ya saurara har ta gama, ya ce Allah ya yi mana albarka, mun yi ƙoƙari. Sau huɗu na koma bayan nan. Na bi matan Gwashi ina warware abin da na ƙulla, wasu suka ce Atine ta tsufa zuciyarta ta yi taushi, wasu suka ce rufin asirin dangi ne. Jabiru ne kaɗai ya yarda da ni, kuma tun ranar bai sake cin kifina ba.

Hudu yana nan da ransa. Zabira tana rataye a ƙusa, fatarta ta bushe ta tsattsage. Jikar ta fara tafiya, in ta nufo shi sai ya ɗaga hannuwa sama har a zo a ɗauke ta. Kowace ranar kasuwa yakan zo ya tsaya gefen kaskona, ba ya saye, ba ya zama. Makon jiya wasu direbobi biyu suna gardama a gabana a kan wa ya goge wa wani mota, kowa yana rantsuwa. Hudu ya taɓa kafaɗar ɗayansu, ya nuna ni da babban yatsan nan nasa.

"Ku bar rantse-rantse," ya ce. "In a gaban Atine anka yi, ku tambaye ta. Ita ba ta ƙarya."